Ranar da Aka Ba Karnukan Makaranta Farce

A Birnin Dabbobi, kuraye ne 'yan doka. Duk wanda ya yi laifi sai kura ta tsaga masa kunne da farce, in tsaga ta kai uku kuma a wuce da shi gidan kuraye, wai bincike. Har yau dai ba a ga wanda aka gama bincikensa ya dawo gida ba.

Wuri ɗaya ne farce ba ya shiga, Makarantar Gindin Tsamiya, inda 'ya'yan zomaye da kurege ke karatu. Karnuka ne masu gadinta, aikinsu kuwa haushi kawai. Tun kaka da kakanni, in kare ya hango shaho a sama sai ya yi haushi, ɗalibai su ruga cikin ramuka. Wannan ne darasin farko da ake koya wa kowa kafin ya san baƙi da wasali.

Ana nan sai Dila, lauyan birni, ya kawo ƙuduri gaban majalisa.

"Ranki ya daɗe," ya ce wa Giwa, shugabar majalisa, "makaranta a cikin birni take, amma dokar birni a bakin ƙofarta take tsayawa kamar baƙuwa. Kuraye aiki ya yi musu yawa. Ga karnuka nan da farce, ba sa komai da shi sai sosa ƙuma. A ba su ikon tsaga kunne bisa dokar birni, don tsaron yaranmu."

Yaranmu, in ji shi. Ko ɗa ɗaya ba shi da shi a makarantar.

Jatau, tsohon karen da ke shugabantar masu gadi, ya miƙe ya goya masa baya. "Shekara da shekaru muna haushi har maƙogwaro ya dushe, ko sannu babu. Ɗalibi zai wuce ka yana dariya. Mu ma muna son a san da mu."

Daga nan Malama Lantana, zomanyar da ke koyarwa a makarantar, ta tashi.

"Ranki ya daɗe, tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Dokar birni ta hana gudu a fili, mu kuma gudu muke koya wa yara. 'Yata Barmani tsaga biyu gare ta, duk a kasuwa ta same su, kura ce ta yi tari ta firgita ta ruga. Yanzu in kare ya yi haushi ta gudu, shi ɗin ne kuma zai yi mata ta uku?"

Dila ya yi murmushi. "Haba Malama, ki kwantar da hankalinki. Wanda bai yi laifi ba, me zai sa shi gudu?"

Aka kaɗa ƙuri'a. Bauna da raƙumi da dorina, waɗanda shaho bai taɓa ko kallonsu ba, duk suka ɗaga ƙafa. Giwa ta kaɗa kunnuwanta lafiyayyu ta ce ƙuduri ya wuce.

Ba a jima ba wani matashin kare ya yi haushi babu gaira babu dalili. Ɗalibai suka watse, ya bi su ya tsattsaga kunnuwa, kuraye suka yaba masa da ƙwazo. Sauran karnuka suka ga hanya. Haushi ya yawaita a makarantar, wata kura kuma ta mai da bakin ƙofa wurin shan iska.

Lantana ta zaunar da 'yarta a gida. "Ko me kika ji, ki tsaya cak. Kin ji ni?"

"Inna, ƙafafuna ne ba sa jin magana."

"Ki danne su, 'yar nan. Tsaga ɗaya ta rage miki."

Kullum sai ta laɓe ta yi mata haushi irin na kare, yarinyar na kuka tana tsayawa, har ta iya.

Wata rana da hantsi ana tsakiyar hutu, Jatau ya ɗaga kai ya ga inuwa tana shawagi. Ya saki haushi irin na dā, na gaskiya, daga ƙasan cikinsa. Babu wanda ya motsa. Barmani tana tsakiyar fili, ramin yana nan kusa da ita, ta kwantar da kunnuwa ta runtse ido ta tsaya kamar yadda aka koya mata.

"Ku gudu, wallahi shaho ne!" in ji Jatau. Ɗalibai suka dubi farcensa, ba su dubi sama ba.

Lantana ta buɗe baki daga gindin tsamiya za ta ce gudu, idonta ya faɗa kan kurar bakin ƙofa, maganar ta maƙale. Kafin ta sake buɗe baki, shaho ya sauko ya tashi da Barmani.

A zaman majalisa na gaba Dila ya ba da rahoto cewa a ranar ko ɗalibi ɗaya bai karya doka ba, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin makarantar. Giwa ta ce a tafa wa Jatau. Tsohon kare ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafafunsa.

Lantana tana zaune a baya, ba ta nemi izinin magana ba. Da aka tashi, Dila ya biyo ta wajenta ya yi mata gaisuwa, ya ce ta gode Allah, ai yarinya ta tafi da tsaga biyu kacal.