Ƙyauren da Ya Sha Maganin Bindiga

Ni ba mai yawan surutu ba ne. Wannan dai a gabana aka yi shi.

A bayan garinmu akwai filin harbi na ƙungiyar maharba. Masu lasisi kan zo ranar Asabar su harbi allo, su yi dariya, su koma gida. Aikina kafa allon. Mai koyarwa kuwa Saje Mati ne, tsohon soja, wanda ya je yaƙi ya dawo ko ƙwarzane babu. Duk mai son sayen bindigar wasa wurinsa yake fara zuwa, ya gwada ire-irensu, a ga wadda ta dace da hannunsa.

Wata Asabar sai ga Alhaji Gambo mai hatsi da 'yan majalisarsu su huɗu. Shekara ashirin yana ba su labarin yadda yake kakkaɓo tsuntsu a sama yana saurayi. Har a bayan motarsa an rubuta HARBI ƊAYA da jan fenti. Ba wanda ya taɓa ganin ya riƙe ko danƙo. Da majalisa ta gaji, sai aka yi yarjejeniya: ran da zai zaɓi bindiga za a raka shi. In ya sami abin da ya auna ko sau ɗaya ne, suna ya zauna. In ya kasa, a shafe rubutun. Iro tela, ɗaya daga cikinsu, har da gwangwanin baƙin fenti da buroshi ya zo.

Itace ɗaya ne a filin, wata tsamiya can hagu da allo, kamar taki talatin. A ƙarƙashinta Alhaji ya ajiye motarsa.

Saje ya ce, "Alhaji, a dawo da motar nan baya."

"Rana za ta cinye mini fenti."

"Gaba wurin harsashi ne."

"Harsashina inda na aike shi yake zuwa, Saje. Ba ya ratse."

Saje ya dube ni. Na dubi ƙasa.

Aka fara da babba, irin ta harbin ɓauna. Alhaji ya ce ita ce tsararsa. Ya ɗora a kafaɗa, ya ja kunama. Bindiga ta yi gaba da ƙara, Alhaji ya yi baya da zama, daɓas. Hularsa ta tafi nata wuri.

Iro ya ce, "Ya faɗi! Amma ba allon ba."

Alhaji ya kakkaɓe riga. "Wannan ba ta da tarbiyya. Kawo ƙarama."

Aka ba shi ƙarama ta hannu ɗaya. Harbi uku, duk a ƙasa, taki biyar daga ƙafarsa. Ya ce ai hancinta ne gajere, harsashi bai gama shiri ba ake koro shi waje.

Sai Saje ya ɗauko ta uku. Ya ce, "To ga matsakaiciya. Jikinta na doguwa, harsashinta na ƙarama. Ba ta dukan kafaɗa, ba ta toshe kunne. Don wasan allo aka yi ta. Makon jiya wata malamar asibiti ta zo, ba ta taɓa harbi ba, ta sa bakwai a tsakiya."

Alhaji ya juya ta, ya shafa, har ya sansana bakinta. "Yawwa. Ita nake nema tun ɗazu."

Ya harba goma. Na je na duba allo. Na dawo.

Alhaji ya ce mini, "Nawa, Baba?"

"Babu."

"A tsakiya babu?"

"A ko'ina babu."

Iro ya fara buɗe gwangwanin fenti da bakin almakashi. Alhaji ya ji ƙarar murfin.

Ya ce, "Tsaya tukuna. Baba, katakon allon nan daga ina?"

Ni ba na ƙarya. Na ce, "Ƙyauren ɗakin marigayi Sarkin Baka ne. Magada suka ba mu."

Alhaji ya tafa hannu. "Kun ji! Kun ji ko? Mutumin da ya sha maganin bindiga kamar kunu! Shekara arba'in yana dafa ƙyauren nan safe da yamma. Ku ce mini bai shiga katakon ba?"

Iro ya ce, "Malamar asibitin fa?"

"Ita ai ma'aikaciyar lafiya ce. Sun san makarin komai."

Majalisa ta yi shawara. Aka ce a canja masa. Na sauke ƙyaure, na ɗora tsohon gwangwanin madara a kan turke. Na matso da shi kusa, don tausayi.

Ya harba biyar. Gwangwani ko motsi.

"Wa ke amfani da gwangwanin nan?"

Na ce, "Saje ke shan shayi a ciki."

"Innalillahi! Saje da ya je yaƙi ya dawo ba huda ko ɗaya? Bakinsa kullum a kai? Wannan ai ya fi ƙyauren ƙarfi. Haɗa baki kuka yi!"

Gashin bakin Saje ne kawai ya motsa.

Iro ya ce, "To Alhaji, kawo naka. Abin da ka tabbata bai sha komai ba."

Aka ajiye bindiga. Alhaji ya taka har gindin tsamiya, ya buɗe but ɗin motarsa, ya rungumo wata ƙatuwar kankana da ya saya a hanya. Da hannunsa ya ɗora ta a turke. Girmanta ya kai tulu. Makaho ma da sanda zai same ta.

Ya harba huɗu. Kankana na zaune lafiya.

Ya sauke bindiga a hankali. "Manoman yanzu," in ji shi, "laya suke binnewa a gona saboda ɓarayi. Saiwa kuma ba ta zaɓen abin da take sha."

Iro ya tsoma buroshi a fenti. Ya miƙe.

"Saura ɗaya a ciki," in ji Saje.

Alhaji ya gyara tsayuwa. Ya yi addu'a mai tsawo, ya tofa a kafaɗar dama, ya tofa a ta hagu. Ya rufe ido ɗaya. Da ya ga bai isa ba, ya rufe ɗayan. Ya ja.

Kankana ba ta ji komai ba. Amma can gindin tsamiya sai muka ji fuuuu. Motar ta sunkuya a hankali ta gefen gaba, kamar raƙumi zai gurfana.

Fenti na ɗiga daga buroshin Iro a kan takalminsa.

Alhaji ne ya fara magana, da ƙarfi kuma.

"Kun gani? Kun gani da idonku! Taya, daga nan, harbi ɗaya! Na ce muku ba hannuna ba ne!" Ya juya yana haki. "Saje, kai ne masani. Faɗa musu gaskiya. Cikin ukun nan wacce zan saya?"

Saje ya karɓe bindigar daga hannunsa, ya duba cikinta, ya rataya a kafaɗa.

Ya ce, "Bar batun bindiga tukuna, Alhaji. Fara saya wa motar nan magani. Duk filin nan ita kaɗai ce ba ta sha ba."