Ƙafar da Ta Ƙi Suma

Tun ina firamare a Kebbe kunya ke ɗaure min baki, amma da an buga kalangu ƙafata ba ta shawara da ni. Da na girma, 'yan fim suka zo Tambuwal, suka ce zan taka rawar matar da ta suma. Na ce a raina, kwanciya ma aiki ce?

Na kwanta, ana yayyafa min ruwa, sai kalangun biki ya tashi a maƙwabta.

Darakta ya daka tsawa: "Ke ɗiya, ba wagga rawa nika nufi ba!"

Ashe ƙafata ce ke bin kiɗa. Sai da aka danne ta da buhun gero aka ƙarasa ɗauka.

Har yau, ko turmi aka buga, Inna sai ta ce, "A hankali, kar ku tada sumammiya."