Yadda Ake Yaye Rufi Kafin a Faɗi Sabon Farashi

Idan kai ɗan kwangilar gyaran gida ne, kuma tsadar kaya ta hana ka sakat, kwantar da hankalinka. Wannan hanya tabbas ce. Malam Lawan na unguwar Gyaɗi-Gyaɗi ya shekara goma sha ɗaya yana bin ta, kuma har yau da ƙafarsa yake yawo, ko da yake yana ɗan jan ta hagu. Za mu zo wurin.

Mataki na 1: Karɓi aiki da fara'a

Ranar farko kada ka ambaci kasuwa. Da Sista Husaina, wata ma'aikaciyar jinya a Tarauni, ta kira Lawan ya gyara ɗakin mahaifiyarta da ke yoyo, ko zama bai yi ba ya ce, "Hajiya, kafin ruwan farko Inna ta koma ɗakinta." Inna mai ciwon ƙirji ce, sanyi kaɗan ke kwantar da ita, don haka Husaina ta ba da kuɗin kaya nan take.

Mataki na 2: Yaye rufin

Nan sana'ar take. Wanda rufinsa ke kansa yana iya cewa zai yi shawara, har ya nemo wani. Wanda ke hango sama daga kan gadonsa ba ya shawara da kowa. Lawan ya sauke tsohon kwanon tas da safiyar Litinin, ya sayar wa 'yan gwangwan kafin azahar, don kada wani ya yi tunanin mayar da shi. Aka yi wa Inna shimfiɗa a falo.

Mataki na 3: Ɓace kwana biyu

Kada ka kashe waya, wannan aikin 'yan koyo ne. Ɗauka ka ce kana kasuwa, ko da kana teburin mai shayi a Darmanawa.

Mataki na 4: Dawo da fuskar ta'aziyya

Cire hula, shafa kai, ka bari a tambaye ka.

"Malam Lawan, lafiya?" in ji Husaina.

"Hajiya, kwano."

"Me ya sami kwanon?"

"Ya tashi. Ina tsaye a gaban mai shago ya tashi. Na juya in duba katako, shi ma ya bi shi."

In an nemi dalili, ce dala. Ba kowa ya taɓa riƙe ta ba, amma kowa ya san halinta. Daɗin abin, kaya sun tashi da gaske, ba ƙarya ka yi ba. Ninkawa kawai ka yi.

Mataki na 5: Bar hadari ya yi maka ciniki

Husaina ta ce ba ta da ƙari sai ƙarshen wata, ya rufa ko da tsohon ne. Lawan ya ce tsoho kam ya riga ya tafi. Ranar Alhamis da la'asar gabas ta yi baƙi, Inna ta fara tari, tsoro ya kama Husaina sosai. A irin wannan lokaci ka zo da tamfol don a ga tausayinka, amma ka tabbata bai kai faɗin ɗakin ba.

Lawan ya zo da nasa, ya hau tsani da silifa. Iska ta cika tamfol, tsani ya zame, wata tsohuwar ƙusa ta tsarge masa ƙwauri a hanyarsa ta saukowa.

Mataki na 6: San sana'ar mai gida tun da wuri

Wannan ya kamata ya zama mataki na farko, amma Lawan a nan ya koye shi. Maƙwabta suka shigar da shi falo, kusa da shimfiɗar Inna. Husaina ta yanke ƙafar wandon, ta wanke ciwon tsaf, ta tsayar da jinin. Sannan ta cire safar hannu, ta jawo kujera ta zauna.

"Sista, ɗinkin fa?" in ji Lawan.

"Zare ya tashi, Malam Lawan. Ina tsaye ya tashi."

Ya dubi ƙafarsa a buɗe. Ya dubi ɗakin Inna a buɗe, ruwa yana sauka daidai inda gadonta yake. Inna ta tsagaita tari ta ce masa sannu, kuma wannan sannun ta fi ƙusar yi masa zafi. Ya laluba waya ya kira kafintansa.

"Murtala, kwanon nan da muka saya tun ranar farko, wanda ke shagona, a kawo shi gobe da sassafe. A'a, ba ƙari."

Husaina ta mayar da safar hannunta.

Inna ta koma ɗakinta ranar Asabar. Lawan yana nan yana karɓar aiki, sai dai yanzu kafin ya jingina tsani yakan gaisa, ya tambayi mai gida ina yake aiki.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu bai taɓa hawa tsani ba, bai kuma san kowa a Tarauni ba. Duk wanda ya bi matakan nan har ruwa ya daki tsohuwar wani, ko ya tsinci kansa a kwance gaban mai allura, shi da ƙafarsa.