Don Pánfilo Ya Leƙa Taga Sau Ɗaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai a sunkuye, Heriberto Encinas na sashen shirya fasinjoji, a filin tashin kumbo da ke hamadar Sonora, yana sanar da abokan aiki rasuwar amininsa Don Pánfilo, wato Malam Pánfilo, mutum-mutumin gwaji, wanda ya cika ranar Alhamis da hantsi a kan hanyarsa ta dawowa daga sama.

Marigayin roba ne da ƙarfe, nauyinsa na magidancin da ba ya wasa da cikinsa. Aikinsa shi ne ya zauna a kujerar da attajirai masu yawon buɗe ido za su zauna nan gaba, a harba shi, ya dawo, injiniyoyi su buɗe ƙirjinsa su ga irin wuyar da ya sha. Bai taɓa yin amai a kumbo ba, bai taɓa tambayar ina banɗaki ba. Maganarsa biyu ce duk tsawon rayuwarsa: "ƙiiiƙ" da gwiwar hagu ke yi in an zaunar da shi, da "tit-tit" na ƙirji in batir ya yi sanyi. Heriberto ke sa masa riga, shi ke share masa yashi daga kunne, kuma a gefensa yake zama ya ci tortilla, gurasar masara, da wake da rana. Har tsokanarsa ake yi, wai Heriberto ya samu surukin da ba ya mayar da magana.

Ga yadda ciwon ajali ya zo. Abin da attajiran nan ke rububi a kansa ɗan lokaci ne ƙalilan a can ƙololuwa, inda nauyi ke barin jiki, mutum ya kwance bel ya yi ta shawagi, ya leƙa taga ya ga duniya ta lanƙwasa. Don Pánfilo ya sha zuwa wurin, amma kullum a ɗaure kamar buhun masara, fuska na kallon rufi. Tafiyar Alhamis ita ce gwajinsa na ƙarshe, daga ita sai sito. Abin ya tsaya wa Heriberto a rai. Da ya zo ɗaure shi, sai ya sassauta bel ɗin kafaɗa yadda yatsu uku za su shige, ya juya masa kai wajen taga. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya gani.

Kyamara ta nuna marigayin ya zame daga kujera a hankali, ya tashi, goshinsa ya taɓa gilashi. Allah ya sani, abin ya yi kyau. Sai nauyi ya dawo gaba ɗaya, ya faɗo ta ka, wuya ya karye, na'urar ƙirji ta tarwatse. An ce ya yi "tit" guda.

Ya rasu ya bar kujerarsa, da shuɗiyar rigarsa, da ƙanne biyu a sito da ba a taɓa harbawa ba. Ya kuma bar Doña Casilda Bojórquez, mai ɗinka bel, wadda injiniyoyi suka ce ɗinkinta ne ya saki. An dakatar da ita, ranar Litinin za a yanke ko korarta za a yi. Matar nan ita ta riƙe 'yar Heriberto ranar baftisma, shi ya sa take kiransa compadre, shi kuma yake kiranta comadre; da keken ɗinkin nan take ciyar da jikokinta. Ita ce kuma ta taka har gidansa ranar Juma'a, da kofi a fulas da burodi mai zaƙi, ta zo yi masa ta'aziyya.

"Compadre, ka yafe mini, na kashe maka aboki," in ji ta. "Ina jin idona ne ya soma tsufa."

Heriberto ya karɓi burodin. Ya ci! Har ya buɗe baki ya ce, "Ba komai, comadre, kowa na kuskure." Wane irin mutum ne zai ji tausayin roba, ya bar mai rai ta ɗauki laifinsa? Irinsa ne, kuma kunya ta hana shi sakat.

Za a yi zaman makoki ranar Lahadi da yamma a rumfar gyara. Akwai kofi, kada kowa ya kawo furanni. Ranar Litinin da safe, kafin a kira Doña Casilda, Heriberto zai ɗora gawar a baro ya tura ta da kansa zuwa ofishin babbar injiniya, ya nuna da yatsunsa uku yadda aka yi. Daga nan za a kai marigayin sito, shi kuma mai turo baron ya san ƙofar fita za a nuna masa. Alfarma ɗaya yake roƙo, a ajiye Don Pánfilo yana fuskantar taga.

Ana kuma neman mai ƙarfin hali da zai kai wannan sanarwa gidan Doña Casilda tun yau, ya gaya mata idonta ƙalau yake. Heriberto ya je har ƙofar, hannunsa ya ƙi ƙwanƙwasawa.