Hannun Da Na Ɓoye A Riga

Ba zan taɓa mantawa da bikin wan Fanna ba, Fanna da nake nema lokacin. Zamanin kumandan, Baturen mulki, na zaune a Gure ne, ni kuwa ina saurayi, ina ɗaurin kanwa a jakuna zuwa kasuwar Gidigir.

Sai hannuna na dama ya lalace: ƙaiƙayi, tsagewa, saɓa, har ruwa yake yi. Ni da kaina na yanke wa kaina hukunci, na ce kuturta ce. Wa zai ba kuturu ƴa? Na shiga dirje shi da toka da kanwa a ɓoye (kun ji likita!), yana ƙara hauka.

Ran biki na cusa shi cikin riga. Aka kawo burabusko, baffan Fanna ya ce, "Matso, ɗana." Ga yunwa, ga dattawa. Wallahi ban san sa'ad da na miƙa hagu cikin akushi ba.



"Ɗana," in ji baffa, "a gidanku da hannun tsarki ake ci?"

Na so ƙasa ta tsage. Kakar Fanna, Ya Falmata, wadda ke tsokanata da "mijina", tana zuwa da miya. Ta finciko hannun daman daga cikin riga ta ɗaga shi gaban kowa. Na ce shi ke nan, Fanna ta tafi. Sai ta gantsara min mintsini a kan tabon. Na kurma ihu har yara suka watse.

"Kai! Kuturu da ihu? Tabon kuturta ba ya jin mintsini, mijina. Kirci ne, kanwa ce ke cin ka. Ba ya kama kowa. Me kake shafawa?"

Na ce, "Kanwa, Kaka."

Baffa ya yi dariya har ya ƙware.

Ta ce in naɗe hannu da tsumma in zan taɓa kanwa, in wanke da ruwa zalla, in shafa man shanu tun bai bushe ba, kuma in bar susa. "Zai tafi ya dawo, kada ka firgita."

Haka kuwa aka yi. Allah ya jiƙan tsohuwar nan, mintsininta ne ya aura min Fanna. Tun ranar, ciwo ko na ƙaya ne sai na nuna. Jikokina dai har yau Baba Bahago suke ce min.