Yadda Za Ka Ƙone Motar Lantarki Ba Tare da Ka Ƙyasta Ashana Ba

Ɗana ɗan jarida, matso kusa. In ka gaji da rubuta labarin taron bita wanda ko mahaifiyarka ba ta karantawa, ga hanya. Bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari za ka hau shafin farko, har gwaggonka ta turo maka labarin a waya tana yi maka gargaɗi, ba ta san kai ka rubuta ba. Ba a buƙatar ka san mota. Sanin ma cikas ne.

Don kada ka ce tsohuwa zuba kawai take yi, zan riƙa ba ka misali da wani direba da ake ce wa Shiru, saboda motarsa ta lantarki ce, ba a jin zuwanta. Da ita yake kai yaran unguwa makaranta, da ita yake riƙe iyalinsa. A farfajiyar gidan da yake haya yake sa mata caji, da izinin mai gidan. In aka hana shi wurin, ko iyaye suka janye yaransu, sana'arsa ta tashi.

1. Kada ka iso da wuri

Wanda ya iso da wuri yakan ga abin da ya faru, kuma wannan masifa ce ga mai neman labari. Da wakilin jaridar da ya rubuta labarin Shiru ya yi sammako, da ya tarar da maƙwabcinsa, wani tsohon akawu, yana ɗura wa tsohuwar motarsa fetur daga jarka, mazurari a hannu, sigari a baki. Da ya ga wutar ta cinye motar Akawu ƙurmus, sannan ta lashi gefen ta Shiru, ta babbake fenti da madubi ɗaya kafin Shiru ya janye ta. To me za ka yi da wannan? Tsoho ya yi wauta da sigari. Ko ƙasan shafin wasanni ba za a ba ka ba.

Ka jira sai 'yan kwana-kwana sun naɗe tiyonsu.

2. Zaɓi motar da ta dace da gobarar

Motoci biyu za ka tarar. Ɗaya ta zama ƙwarangwal, amma ta fetur ce, kuma irinta na ƙonewa tun kafin a yaye ubanka. Ɗayar tana tsaye garau da ɗan tabo. Ita ce taka. Tsuguna, ka sa wayar caji a gaban hoton, baƙin gefen motar a tsakiya, tokar ɗayar a ƙasa.

Shiru ya ga wakilin yana ɗaukar hoton motarsa, sai ya matso yana goge hannu.

"Malam, ba fa wannan ce ta ƙone ba. Ga wadda ta ƙone can."

"Na gani, yallaɓai. Ɗan matsa, kana tare min haske."

Ya matsa, har yana ba da haƙuri. Ka lura da wannan: mai gaskiya yakan ɗauka gaskiyarsa za ta fito a hoto.

3. Nemi ganau wanda bai gani ba

Wanda ya gani zai cika ka da bayani. Nemi wanda ya ji ƙara daga banɗaki. Wakilinmu ya dace da wata nas da ke saman bene, wadda Shiru ke ɗaukar yaranta.

"Ni dai na ji bum, na ce shi ke nan, batirin ne! Dama tun ranar da ya kawo ta raina bai kwanta ba. Mota ta zo bayanka ba gyaran murya kamar ɓarawo?"

Rubuta duka. Sannan ka je wurin wanda ke da dalilin rufe baki, ka sa masa amsar a cikin tambayar.

"Baba, kana ganin daga cajin nan ne?"

Akawu ya shafa inda girarsa take a da, ya dubi ƙasa. "To, ni dai ban san kan motocin zamanin nan ba. Allah ya kiyaye gaba."

Bai yi ƙarya ba, kai ma ba za ka yi ba. Sai ka rubuta: "Dattijon da ya yi asarar motarsa ya nuna fargaba kan motocin zamani."

4. Kira masani

Kowane ɗakin labarai yana da Daktansa, mai ɗaga waya tun ƙarar farko. Makon jiya ya yi sharhi kan tsadar siminti, kafin nan kan tarbiyyar yara. Kada ka gaya masa motoci biyu ne. Zai ce abin damuwa ne matuƙa, kuma ya kamata hukuma ta duba. Abin da ya ce kan siminti ke nan.

5. Raba laifi yadda aka saba

Ka haddace wannan, don zai yi maka amfani ranar haɗari. In motar fetur ta daki turken fitila, direba ne ya yi gyangyaɗi. In ta lantarki ce, motar ce ta ƙwace. A na farko ka nemi shekarun direban, a na biyu ka nemi girman batirin.

Kada ka ji ni ba daidai ba. Ban ce motar lantarki ba ta kamawa da wuta ba. Tana kamawa, in ta kama kuma 'yan kwana-kwana sai sun ji jiki. Masu tallarta ma ban yarda da rabin zancensu ba. Abin da na ce, ranar nan ba ita ce ta kama ba. Amma wannan damuwar tsofaffi ce. Kai ka rubuta "Bam a Farfajiyar Gidanka?" ka tafi cin abinci.

6. In ya biyo ka ofis, haɗa shi da edita

Zai zo. Shiru ya zo washegari da jaridar a naɗe a hannu, ya ajiye motar a ƙofar ofis don kowa ya gani da idonsa.

"Ranka ya daɗe, ga motar da kuka ce ta fashe. Da ita na zo."

Edita ya fito da kansa, ya zagaya ta, ya leƙa ciki, ya shafa kujerar. "Kai, ashe tana da faɗi. Caji ɗaya yana kai ka wuni?"

"Har da saura, ranka ya daɗe."

"Ba zancen bakanike kullum?"

"Sai dai taya da birki."

Shiru ya koma gida zuciya fes, ya ce wa matarsa ya samu mutum mai fahimta. Gyaran ya fito kuwa, layi biyu a ƙarƙashin tallar katifa: "An samu ƙarin bayani kan gobarar da muka ruwaito." Haka ake gyara, ɗana. A ga ka yi, kada a ga me ka gyara.

7. Janye jiki, maƙwabta za su ƙarasa

Daga nan ba aikinka ba ne. Mai gidan ya tara 'yan haya a farfajiya, jaridar a cinyarsa.

"Baba, kowa a nan ya san abin da ya faru," in ji Shiru. "Ga Baba Akawu, a tambaye shi."

Akawu ya yi tari mai tsawo.

"Ɗana, ni ba na gardama da kai," in ji mai gidan. "Amma ga shi a rubuce, har da Dakta. In gidan nan ya tashi, kai za ka gina min wani? Cire wayarka daga bangona."

Matar Shiru ta leƙo ta taga. "Baba, to a hana sigarin mana!"

"Ke, ana maganar kimiyya."

Da yamma nas ta aiko cewa yaranta za su huta da mota tukuna. Sauran iyayen ko aike ba su yi ba. Shiru ya je ƙofofinsu da safe, ya tarar an riga an tafi.

8. Kada ka tambayi wanda ya saya

Motar da aka ce bam ce ba ta da kasuwa. Dillalai suka ƙi ko taɓa ta. Mutum ɗaya ne ya san lafiyarta ƙalau, shi ne kuma ya taya, tayin da Shiru ya karɓa yana kallon gefe. In ka ga edita ya shigo ofis ba a ji zuwansa ba, sabon fenti a gefe ɗaya, ka gaishe shi ka wuce.

Shiru ya sayi wata tsohuwar bas da ke tashi da tari, tana barin ɗigon mai duk inda ta kwana. Iyaye suka dawo da yaransu har da ƙari.

"Yauwa, yanzu hankalina ya kwanta," in ji nas, tana tura autanta ciki. "Tun daga kan kwana nake jin zuwansa."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ta da hannu a duk abin da ya biyo baya. Ba ruwanta da girar Akawu, ko cinikin edita, ko hawan jinin gwaggonka. Ba ruwanta kuma da yaran da suke zama kowace safiya a kan tankin da ke ɗiga, suna toshe hanci da hular makaranta. In wata rana ka ji wani abu ya same su, kada ka zo ƙofata, kada kuma ka wahalar da kanka zuwa wurin. Fetur ne. Edita ba zai ba ka shafi ba.