Yadda Za Ka Zama Direba Mai Turanci Kafin Ranar Kasuwa

Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Idan ka bi matakan nan a tsanake, na yi maka alkawari kafin kasuwar Tudun Wada ta sake ci sunanka zai zaga gari. Ɗalibina Labaran ya bi su, har yau ana zancensa. Aiki yake nema wurin Alhaji Ghali, wanda ke son direban da zai riƙa kai masa tumatir kudu, mai Turancin yi wa masu shingen hanya bayani.

1. Fara da abin da ka sani

Birki, giya, kuloci, sitiyari, duk Turanci ne. Ka daɗe kana yinsa ba ka sani ba. Abin da ya rage kawai ka ɗan murɗe baki, ka sako su ta hanci.

2. Haddace uku, ban da haɗama

"Sori sa" na wanda ka buge ne. "No furobulam" na motar da ke hayaƙi. "Ayam komin" na fasinjan da ka shanya a rana.

Labaran ya gwada su a gida, sai matarsa Asibi ta ce, "Malam, in haƙori ne ke ciwo ka faɗa a nemo kanumfari." Kada irin wannan ya karya maka gwiwa. Ilimi sabo yakan ba iyali tsoro.

3. Kada motar ta cinye maka lokaci

Tuƙi hannu ne da ƙafa, kowa yana da su. Labaran ya yi mini kukan cewa ja da baya yana ba shi wuya. Na ce ya fara iya cewa "ribas" da kyau tukuna. Kwana biyu ya ƙware.

4. Daina jin Hausa in ka riƙe sitiyari

Ka san al'adar tasha: in mota na ja da baya, wani yakan tsaya yana "zo, zo, zo", in ya daki bodi sau biyu, an ce ka tsaya ke nan. To dukan bodi ba Turanci ba ne. Kai jira sai an ce "sitof". Mutum yakan kare darajarsa.

5. Ranar gwaji, natsu

Alhaji ya miƙa wa Labaran makullin a-kori-kura, ya ce ya matso da ita baya kusa da kwandunan tumatir a yi lodi. Sagir mai lodi ya tsaya yana "zo, zo". Can ya daki bodi. Ya sake duka. Ya sa hannu biyu.

"Tsaya! Kai Labaran, don girman Allah tsaya!"

Labaran ya leƙo ta taga cikin fara'a ya ce, "No furobulam."

Kwando goma sha biyu ta bi ta kai kafin bishiyar darbejiya ta tsayar da ita. Ya sauko, ya russuna, ya ce, "Sori sa."

Alhaji ya dubi jan ruwan da ke bin takalminsa, ya ce, "Turancin dai ya yi, Labaran. Ba ni makullina."

Da Labaran ya hango masu lodi suna naɗe hannun riga, sai ya ce, "Ayam komin," ya bi ta bayan rumfuna. Ka lura, duka ukun ya sa su a muhallinsu.

Sanarwa

Ni Turanci na koyar, kuma ko Alhaji ya shaida ya yi. Batun aikin da aka rasa, da tumatir, da darbejiya, a tuntuɓi wanda ya koya wa Labaran tuƙi, in an same shi.